Sulken da Ya Yi wa Mai Shi Yawa

An yi wasu 'yan'uwa biyu a Kaduna, uwa ɗaya uba ɗaya. Wan, Jazuli, mai gyaran kwamfuta ne a Kakuri. Ƙanen, Mudansir, direban tanka ne a Rigasa, ƙato, ƙirji kamar ƙyauren zaure. Da gemunsa da matarsa, amma akwai wani buri na ƙuruciya da bai sake shi ba. Wai akwai taron da samarin zamani ke yi shekara-shekara, kowa ya yi shigar jarumin fim ko na wasan kwamfuta, a yi ta ɗaukar hoto. Shi so yake ya je cikin sulke tun daga kai har ƙauri, a gan shi a ce wane ne wannan.

To, Jazuli yana da wani inji a ɗaki, bai fi akwatin talabijin ba. Firinta suke ce masa, amma ba takarda yake bugawa ba. Zaren roba ake ba shi, ya narkar, ya riƙa ɗorawa layi bisa layi yadda zanzaro ke gina ɗakinsa, har abu ya tashi. Wata rana sun haɗu a wurin sunan dangi, sai ya aro tef ɗin tela ya auna ƙanensa, ƙirji da kafaɗa da damtse da kai. Mudansir yana dariya ya ce, "Yaya, ka ƙara kaɗan saboda tuwo." Jazuli ya buga ƙirji a gaban jama'a ya ce, "Ba ka ƙara ganin ƙafata a gidanka sai da kayan yaƙinka a kaina."

Inji kuwa hawainiya ne. Kafaɗa ɗaya sai ta cinye yini. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, an yi asara, sai a faro daga tushe. In ka ɗauke ido, zaren ya cukurkuɗe kamar taliyar da aka manta a tukunya. Shi ya sa Jazuli ya tare a gindinsa kamar mai tuyar ƙosai da kaskonta. Ya buga, ya goge da sanfefa, ya shafa fenti, ya ga bai yi masa ba, ya sake. Kuma kada a zalunce shi, don so yake yi. A ransa, duk layin da inji ya ɗora ziyara ce ya kai wa ƙanensa.

Damina ta shigo, ta yi nisa. In ya kira waya yakan ji muryar ƙanensa ta ɗan dushe, ya tambaya, a ce masa, "Ɗan zazzaɓi ne, Yaya. Ina aka kwana a maganar kwalkwalina?" Sai su shiga hirar kwalkwali. Ko akuya ai ba a sayenta da jin kukanta, sai an taɓa ƙugu an ji nama, amma Jazuli ya karɓi lafiyar ɗan'uwansa a kan murya. Rannan matar ƙanen, Ummita, ta kira shi da kanta ta ce, "Yaya, don girman Allah ka leƙo. Ƙanenka ya daina cin abinci." Ya ce, "Ki dafa masa abin da yake so, amaryarmu. Saura ƙiris, kuma kin san na yi magana a gaban mutane." Tsakanin Kakuri da Rigasa fa ba teku ba ne.

Ranar da ya gama, ya jera kaya a babbar jaka, ya ɗora a ka, sai Rigasa. Da isarsa ya yi sallama da ƙarfi don maƙwabta su ji. Ummita ta ɗaga masa labule ya shiga. A kan katifa ya ga wani siririn mutum, ƙasusuwan wuya a waje, sai da mutumin ya yi murmushi sannan ya gane haƙoran ƙanensa. Ciwon hanta ne, ya daɗe yana cin sa, Mudansir ne ya hana a faɗa. Jaka ta zame daga kan Jazuli.

Mudansir ya ce sai an saka masa. Suka tallafe shi ya zauna, Jazuli ya ɗora masa sulken ƙirji. Ya saki ke nan abin ya sulale ta kafaɗu ya faɗo kan cinya. Mara lafiya ya dubi ramin da ya rage tsakaninsa da roba ya ce, "Yaya, sulke ka buga mini ko akurki? Ai har Ummita ma ta samu wuri." Babu wanda ya yi dariya sai shi, tari ya katse shi. Da yadi ne, da tela ya rage shi kafin la'asar. Roba kuwa yadda aka buga ta haka take, ba ta san mai ita ya rame ba.

Jazuli ya fara lalube aljihu yana cewa zai sake awo, zai buga wani, wannan karon ba zai daɗe ba. Ƙanen ya kama masa hannu da 'yan yatsu marasa nauyi ya ce, "In ka tafi bugawa, wa za ka tarar? Zauna, Yaya." Ya zauna. Shi ya riƙa juya shi, shi ya riƙa ba shi ruwa a cokali, amma zaman bai yi tsawo ba. Watan bai mutu ba aka auna Mudansir awon ƙarshe, na likkafani, kuma wannan ya yi masa daidai.

Mutanen dauri ba su ga firinta ba, ba su riƙe waya ba, amma sun riga mu yanke magana: zumunci a ƙafa yake.