Santsin da Mai Walda Ya Goge

Tunda ka ce an ɗauke ka aikin duba kaya, zauna ka ji wannan. A wani injin gyaran shinkafa, tukunyar tururi ta tsage a gefe, aka kira mai walda ya ɗinke ta. Kafin a sake hura wuta sai aka gayyato mai gwajin ƙarfe, domin a gindin tukunyar nan magidanta suke tsayawa suna zuba ɓuntu, in ta fashe babu wanda zai koma gida. Na'urarsa sauti take turawa cikin ƙarfe, ta saurari dawowarsa, kamar yadda tsohuwa ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa. In akwai rami a ciki, sautin da wuri yake komowa. Sai dai bakin na'urar yana son wuri mai santsi, ɗinkin walda kuwa ƙudu-ƙudu yake, tudu nan kwari can. Da mai gwajin ya iso, sai ya tarar mai walda ya riga ya goge masa wurare jefi-jefi a kan ɗinkin, sun yi sumul, har ya shafa musu mai, yana ta washe baki wai don kada Malam ya sha wahala. Ya ɗora na'ura, ko'ina lafiya lau.

Amma hankalinsa bai kwanta ba. Ya daɗe yana wannan aiki, bai taɓa ganin mai walda ya ji tausayin mai duba shi ba. Kuma duk inda ya matsa, mutumin na biye da shi, yana nuna masa santsi na gaba da yatsa. Sai ya sauya wa na'urar baki, ya sa wani mai taushi kamar salka, wanda ke kwanciya a tudu da kwari, ya bi wuraren da ba a goge ba. Nan fa sauti ya dinga komowa tun bai je ko'ina ba. Ashe inda aka goge ne kawai aka cika ɗinki, sauran an shafe sama ne, ciki fayau. Mai walda ya hau rantsuwa, wai na'ura ce ta rikice a kan gargada. Mai injin, da shinkafar mutane ta taru masa, ya fara karkata gare shi. Mai gwaji bai yi musu ba, sai ya ce wa mai injin:

"To, Alhaji, a hura. Amma mai walda ne zai zuba ɓuntun farko."

Nan take mai walda ya tuna ana suna a gidan yayarsa, ya fice ko kayan aikinsa bai kwasa ba. Tukunyar dai ba a hura ta ba sai da aka farke ɗinkin kaf.

Saboda haka in wanda za ka duba ya share maka hanya, dubi inda bai share ba. Hausawa sun ce, banza ba ta kai zomo kasuwa.