Santin Jami'in Haraji

Tun da aka yafe haraji ga masu binciken ruwan inabi, ba a ƙara sayar da mai daɗi a Zariya ba. Doka ta ce muddin abin sha bai sa mutum santi ba, to ana kan bincike, babu haraji. Shekara da shekaru Hajiya Tasalla tana bincike, yau ta zuba kanwa, gobe daddawa. Yaran unguwa sun taso suna zaton haka inabi yake.

Ranar Talata jami'in haraji Malam Sallau ya zo ɗanɗano. Tana cikin gaishe shi, sai ga mijinta ya fito da gora ya cika masa kofi. Ta ƙura wa gorar ido. Na gida ne, wanda take ɓoyewa a ƙarƙashin gado, ba kanwa ba daddawa.

Malam Sallau ya kurɓa, ya lumshe ido, ya sake kurɓa.

"Hajiya," in ji shi, "ni fa tun ina yaro nake so a naɗa ni sarkin agwagi."

Na'urar auna santi da ke wuyan rigarsa ta yi ƙara, ta kawo ja.

"Ranka ya daɗe, wallahi kuskure ne! Ba mu gama bincike ba!"

"Bincike ya ƙare, Hajiya. Haraji daga yau." Ya share ƙwalla, ya miƙa kofi. "A ƙaro, in tabbatar."

Ta juya ta dubi mijinta.

"Malam, tun da aka ɗaura mana aure ba ka taɓa kawo wa baƙo ko ruwa ba. Sai yau?"