Mai Gyara da Gilasan Kwamfutar da Ba Ta Fito Ba

Yayana ya rasu, kuma tun daga ranar babu mai tare ni da misali idan na ɗauko abu da zafi. Shi ba ya cewa kada ka yi. Sai dai ya gyara zama ya ce akwai wani mutum. Ga ɗaya daga cikin mutanen nasa.

Wani mai gyaran kwamfuta ne, yana da rumfa a layin masu gyara, kuma Allah Ya yi wa hannunsa albarka. Abin da ke riƙe da rumfar shi ne tarin matattun kwamfutoci da ke ƙarƙashin teburinsa, waɗanda yake kira gawa. In aka kawo masa wadda fankarta ta tsaya ko madanninta suka lalace, sai ya sunkuya ya ciro daga jikin gawa ya sa wa mai rai. Da haka ya tara jama'a, har daga ƙauyukan kewaye ake nemansa.

Ana nan sai aka fara tallar wata kwamfutar hannu a intanet, irin mai faɗin nan kamar allo, wadda ba ta riga ta fito ba. Ya duba hotunanta, ya karanta bayaninta, ya ce wannan sai ta cinye kasuwa. Ba a banza ya faɗa ba. Ya san mutanensa, abu biyu suke tambaya kafin su taɓa aljihu: tana riƙe caji, kuma tana cin layi? An ce batirinta yana daɗewa, an kuma ce akwai mai wurin sa layi. Ya yi ta maganar har maƙwabcinsa mai sayar da caja ya laƙaba masa Malamin Duba, kullum da safe yana tambayarsa ko an ga watan.

Shi kuwa lissafinsa ya wuce nan. Abin da ya shiga hannun kowa, dole ya suɓuce daga hannun wani. Yara za su zauna a kai, gilashi zai fashe, bakin caji zai saki, kuma wanda ya riga kowa tanadar kayan gyara shi zai kwashe aikin. Ya lalubo wani dillali a ƙasar waje da ya riga ya baza kayanta a intanet, ga sunanta, ga hotonta. Sai ya kira 'yan gwangwan suka auna gawarwakin nan suka kwashe, ya haɗa kuɗin da abin da ke hannunsa ya yi odar gilasanta.

Maƙwabcin ya leƙo ya ga ƙarƙashin teburi wayam, ya ce, "Malamin Duba, wannan ai cinikin biri a sama ne."

Ya ce masa ba a fafe gora ranar tafiya.

Kaya suka iso lafiya, kwali a kan kwali, kowane gilashi cikin ledarsa. Amma kafin kwamfutar ta fito, tsofaffin masu kawo masa aiki ba su daina zuwa ba. Ya kan sunkuya bisa sabo, ya tarar babu abin cirowa, sai ya tura su rumfar gaba. Da suka je sau ɗaya, suka je sau biyu, ƙafarsu ta saba da can.

Da ta fito, abin da ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Ɗalibai suka saya, 'yan kasuwa suka saya, matan aure suna sa wa yara karatu a ciki. Har maƙwabcin ya rage tsokana.

Wadda ta fara kawo fasasshiya wata malamar makaranta ce, ɗanta ya yar da ita a kan siminti. Ya karɓa da fara'a, ya ɓamɓare fasasshen gilashin, ya ɗora sabo. Tsawo ya yi daidai, faɗi ya yi daidai. Sai dai siririyar igiyar da ke haɗa gilashi da inji ta fito ta hagu, ramin da za ta shiga kuma yana dama. Ya buɗe wani kwalin, haka. Ya buɗe na ƙasa, haka. Ya kifa kwamfutar ya duba 'yar lambar da ke bayanta, ya ga harafi ɗaya ya bambanta ta da wadda ke jikin kwalayensa. Ashe iri biyu aka ƙera da suna ɗaya: marar layi don ƙasashen da intanet ke cikin kowane gida, da mai layi don irin kasuwarmu, kuma wurin sa layin ne ya ture ramin zuwa ɗaya gefen. Dillalin bai cuce shi ba. Suna ya kira masa, shi kuma ya aiko da abin da ke amsa sunan. Mutumin da ya fi kowa sanin cewa a nan ba a sayen marar layi, shi ne bai tambaya ba.

Malamar ta gaji da tsayuwa, ta ce, "Malam, in bar ta ne, ko in tafi da abata?"

Ya naɗe mata ita a takarda, ya nuna mata rumfar gaba.

Damina ba ta ƙare ba sai da ya mayar da makullin rumfa, ya kwashe kwalayen ya kai gida. Har yau in ya ga wani riƙe da ita a mota, ya kan ce shi ya fara cewa za ta karɓu. Kuma gaskiya yake faɗa.

Nan yayana yake tsayawa, ya ce shi ya sa Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane.

Ku taya ni roƙa masa: Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Amin.