Hannun Baba a Hanyar Massaguet

Ƙaurin roba nake fara ji idan na tuna yammacin nan. Ina 'yar shekara takwas, muna dawowa unguwarmu ta Atrone daga garin Massaguet a tsohuwar motar Baba, buhunan gero sun danne bayanta. Kwatsam tirela ta tsaya a gabanmu. Baba ya taka birki, ya sake takawa, motar ta ƙi tsayawa.

"Baba, tsaya mana!"

"Ina takawa, uwata, ina takawa! Ya Allah!"

Motar ba ta da bel ɗin ɗaure jiki, hannunsa ne ya tokare ƙirjina. Muka daki tirelar. Ko ƙwarzane ban yi ba.

Sai bayan rasuwarsa Inna ta gaya mini cewa da gangan ya murɗa sitiyari dama, don gefensa ya karɓi dukan. Ɗingishin da na saba yi wa dariya, daga nan ya samo shi.