Kunya Biyu a Gonar Goggo

Kai da ka shigo mini da hular jam'iyya kana zagin mutanen ƙauye, wai ba su san ciwon kansu ba, ja tabarma ka zauna. An yi wani ɗan boko, haifaffen ƙauye, da ya fito takara. Ba maƙaryaci ba ne, ba kuma ɓarawo ba. Shekara guda ya yi yana tsara yadda taki zai iso kafin shuka, da yadda za a sa likita a asibitin da jemagu suka mayar gidansu. Ranar da ya zo faɗa wa mutanensa, sai ya tarar da gari wayam, maza duk suna gayyar huɗa a gonar goggonsa, wadda mijinta ya rasu da bazara. Ya dubi taɓon hanyar gona, ya dubi farar shaddarsa da takalminsa, ya tsaya a bakin kwalta. Ya sa aka kafa rumfa, aka jera kujeru, ya aika a ce su ajiye garma su zo su ji abin da zai amfane su. Ƙasa kuwa na da danshi, danshi kuma ba ya jiran lasifika. Ba wanda ya zo sai awaki. Kafin la'asar abokin takararsa ya biyo, wani mai baki kamar gangar biki, irin wanda zai yi maka alkawarin gada inda babu rafi. Shi kam naɗe wando ya yi, ya karɓi garma, ya ja kunya biyu karkatattu, ana yi masa dariya yana tayawa. Ya sha fura a ƙwarya ɗaya da kowa, ya tambayi tsohuwa sunan marigayi, ya yi masa addu'a.

Da zaɓe ya zo, ɗan boko ya sha ƙasa har a akwatin ƙofar gidan ubansa. Ya je wurin goggo yana huci, ya ce sun sayar da shi a kan mutumin da ko rijiya ba zai haƙa musu ba. Tsohuwa ta miƙe. Ta ɗauki sandarta ta sa shi a gaba har gona, rani ya yi, an kwashe kara, kunyoyi duk suna waje. Ta nuna masa biyun nan da suka karkace kamar ƙafar kare, ta ce, "Ɗan nan, mun san ƙarya yake, ba yara ba ne mu. Dawar da ta fito a nan ko tuwon dare ɗaya ba ta yi ba. Amma ga nasa. Nuna mini naka." Ya duba gabas, ya duba yamma, gonar da a cikinta aka goya shi, ko sawunsa babu. Ya sunkuyar da kai, takalmin nan dai yana ta ƙyalli. Wancan ya bar kunya biyu a gona, shi ya koma birni da guda a fuska, wadda ta fi su nauyi. Ai tun da can magabata suka ce, zumunta a ƙafa take.