Rijiyar Cikin Lambun Albasa

Tun da hantsi Saude take duba leɓen 'yarta Ikilima, tana fatan idonta ne ke yi mata gizo. Leɓen ya yi duhu kamar an shafa masa shuni. Ta buɗe 'yan yatsun, faratan ma haka suke. Watan jaririyar biyu a duniya, kuma yau ko kukan nan nata mai cika gida ba ta yi ba, sai numfashi sama-sama.

Saude ba mai sakaci ba ce, duk ƙauyensu da ke gefen Gwiwa an shaida. Tun da zazzaɓi ya kwantar da ita nono ya ƙafe, madarar gwangwani take dama wa yarinyar. A asibiti an ce ta riƙa tafasa ruwa, ita kuwa ta ɗauki maganar da zafi. Sai ta bar tukunya a kan wuta har ruwan ya koma rabi, wai kada ƙwayar cuta ko ɗaya ta tsira. Maƙwabta har tsiya suke mata, suna cewa ruwan Saude ya fi ganda dahuwa.

Daga rijiyar mijinta Haladu ake ɗebo ruwan. Shi ya haƙa ta a tsakiyar lambun albasarsa da ke bayan gida. A bakinta yake jiƙa takin zamani, a nan yake ɗauraye buhunan, turken shanu kuma bai fi taku goma daga wurin ba. Ruwan garau yake, ga sanyi, don haka ba wanda ya taɓa zarginsa.

Saude ta kai yarinyar ɗakin surukarta, Inna Shatu.

"Inna, dubi bakinta. Ni dai hankalina bai kwanta ba."

"Sanyi ne ya kama ta," in ji Inna Shatu. "Ƙara mata zani, ki ba ta madara mai ɗumi."

Ta yi yadda aka ce. Da azahar wuyan Ikilima ya saki. Saude ta fita lambu a guje, ko takalmi babu.

"Malam, bar aikin nan! Yarinyar nan ba ta motsi!"

Haladu ya tada babur. Duk ramin da suka faɗa a hanyar Kazaure, sai Saude ta kai kunne ƙirjin 'yarta ta ji ko da saura.

A asibiti nas ta ɗebi jinin jaririyar. Maimakon ja, sai ya fito da launin makuba. Ta dubi Saude.

"Da wane ruwa kike dama mata madara?"

"Na rijiyar lambunmu ne, Malama. Amma wallahi dafaffe ne, sai ya koma rabi nake saukewa."

Nas ta ce, "Tafasawa ƙwayar cuta take kashewa, 'yar'uwa, ba ta fitar da taki. Akwai wani sinadari a cikin taki da kashin dabba, ana ce masa nitiret. Yana bin ƙasa ya sauka rijiya, ba ɗanɗano ba wari. Babba yakan sha bai ji komai ba, amma ga jariri, sinadarin yana hana jininsa ɗaukar iska. Idan ruwan ya daɗe a wuta, ruwan ne ke tafiya a tururi, gubar ta zauna ta ƙara ƙarfi."

Saude ta zauna a ƙasa. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma an makara. Kafin la'asar Ikilima ta cika.

Bayan sadakar uku, wani ma'aikacin lafiya ya zo ya tsoma 'yar takardar gwaji a ruwan rijiyar. Nan take ta rine. Saude na tsaye a bakin danga tana ji Haladu yana tambaya ko akwai maganin da za a zuba ruwan ya gyaru.

"Masana na gwada wasu sinadarai da ake sawa a matatar ruwa, su warware gubar ta koma iska," in ji ma'aikacin. "Amma abin bai iso ƙauye ba tukuna. Yau dai maganinku shi ne ku daina sha daga nan."

Inna Shatu ta dafa kafaɗar Saude tana cewa ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare.

"Na sani, Inna," in ji Saude. "Amma sau shida a yini nake ba ta, kuma duk sanda ta ƙi sha, lallashinta nake yi har ta shanye."

Jama'a, hasken ruwa ba shi ne lafiyarsa ba. Ku nisanta taki da turken dabbobi daga rijiyar sha, ku sa a gwada ruwan kafin a dama wa jariri abinci da shi, domin tafasawa ba ta fitar da gubar taki. In kuka ga leɓen jariri ya yi shuɗi, ku nufi asibiti a lokacin.