Kibiya Mai Zagaye Biyu

Kibiyar kwamfuta ta fara yawo da kanta, mai kantin magani ta janye hannunta. Daga nesa ma'aikacin kamfani yake sarrafa kibiyar, yana gyara tsohuwar manhajar da ta maƙale da bayanan majinyatanta. Marigayi mijinta ne ya ƙirƙire ta. An yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu, har sunansa ya ɓace.

Sai ta lura, kafin kibiyar ta danna komai, sai ta yi zagaye biyu.

"Ɗana, wa ya koya maka wannan?"

Ya yi dariya a waya. "Ciwon ofishinmu ne, Mama. Kowa wajen na gabansa ya ɗauka."

Shekaru ta yi tana yi wa mijinta tsiya kan zagayen nan.

"Ta buɗe, Mama."

"Allah ya yi maka albarka. Ɗan ƙara zagayawa."